Rahoton Ƙaramar Hukuma: Muna Shafin Tsaro, Ba Ma Shafin Makaranta

Ƙaramar hukumarmu ta fitar da rahoton ayyukan da ta ce ta yi a unguwanni. An rarraba shi ta hannun kansiloli da masu unguwa, wasu kuma ta WhatsApp ya iso musu. Abu uku ya taɓo: ginin makarantu, kasafin kuɗi, da tsaron jama'a. Da Turanci da Yarabanci aka buga shi, a takarda mai sheƙi, ga hotuna masu launi. Da yake yawancin dattawanmu da iyayenmu mata a nan Sabo ba za su karanta shi ba sai an karanta musu, na ga ya dace a baje shi a wannan mujalla tamu kowa ya ga abin da ke ciki.

Fitar da shi ɗin ma kansa abin a yaba ne. Mun ga ciyamomi sun zo sun tafi, ba wanda ya taɓa rubuto wa talaka ko layi ɗaya a kan inda kuɗi ya shiga. Kuma akwai abin da rahoton ya faɗa wanda idonmu ya gani: an yashe babbar kwatar bakin titi kafin damina, an kafa fitilu masu aiki da hasken rana a kan babbar hanya. Wannan an yi, Allah ya saka.

To amma duk wanda ya karanta shi da idon ɗan Sabo zai lura da abu guda. Duk inda sunan unguwarmu ya fito, a ɓangaren tsaro ya fito. A shafin makarantu babu mu. A shafin kuɗi babu mu. Sai da aka zo maganar baƙi da 'yan acaɓa da 'yan gwangwan da manyan motocin da ke sauke kaya da dare, sannan aka tuna akwai wata unguwa wai ita Sabo. Ban ce mugunta ce ta sa ba. Mai yiwuwa wanda ya rubuta bai ma lura ba, kuma wannan ya fi damuna, don yana nuna yadda muke a cikin kan hukuma: abin sa wa ido, maimakon iyayen yara masu biyan haraji.

Mu fara da makaranta, don nan ne aka fi zuba hotuna.

Kalmomi uku ake ta juyawa a wannan shafi: an gina, an gyara, ana kan aiki. Ba a raba mana su ba. Ajin da aka tayar daga tushe, da ajin da aka sauya wa kwano, da ajin da aka shafa wa fenti kawai, duk an zuba su a kwando ɗaya an kira su ayyukan ilimi. Wasu hotunan ko sunan makarantar babu a ƙarƙashinsu. Ba a faɗi mazaɓar da aikin yake ba, ba a faɗi ɗan kwangila ba, ba ranar farawa ba ranar gamawa. Yo ta yaya mutum zai tashi ya je ya gani da idonsa? Ni ɗan kasuwa ne. Idan na tura yaron shagona sarin kaya ya dawo ya ce mini, "Alhaji, an sayo kaya, wasu suna hanya," ba adadi ba farashi ba sunan direba, ai ranar ba zai kwana da makullin shago ba.

Akwai kuma abin da rahoton ya lulluɓe wanda ya kamata kowane uba ya sani, wato wane ne ainihin mai gina makarantar firamare. Tun dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, Gwamnatin Tarayya tana ware aƙalla kashi 2 cikin ɗari na babban asusunta don ilimin matakin farko, ta hannun hukumar UBEC. Jiha ba ta taɓa kuɗin gine-gine daga can sai ta ajiye nata daidai da shi, naira a kan naira. Idan an haɗa, hukumar SUBEB ta jiha ce ke tsara jerin makarantun da za a yi wa aiki, ita ke ba da kwangila. Shi ya sa idan ka duba jikin yawancin sababbin azuzuwa za ka ga an rubuta UBEC da SUBEB da shekara. Wasu azuzuwan kuma na 'yan majalisa ne, aikin mazaɓa. Wasu na tsofaffin ɗalibai ne. Ƙaramar hukuma tana da nata hannun, kundin tsarin mulki na 1999 ya sa ta cikin masu kula da ilimin firamare, kuma babban abin da ke cin kuɗinta a nan shi ne albashin malamai.

Ka ga ke nan, idan rahoto ya jera hotuna bai ce wannan namu ne, wannan na jiha ne ba, ya ɗauki yabon da ba duka nasa ba, ya kuma ɓatar mana da hanya. Mu da muke neman aji, ƙofar wa za mu ƙwanƙwasa? In jerin a hedikwatar jiha ake tsara shi, to abin da muke bukata daga ciyaman da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma shi ne su sa sunan makarantarmu a cikin abin da suke aikawa sama. Sun sa ko ba su sa ba? Wannan amsar layi ɗaya ce, kuma ba ta cikin rahoton.

Makarantar gwamnatin da 'ya'yanmu suka fi zuwa kowa ya san ta, ba sai na kama suna ba. Bencin mutum biyu yara huɗu ke matsuwa a kai, wasu a ƙasa. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Duk wanda ya taɓa leƙa tagar aji ɗaya a can ya san inda aka kwana. Katanga ta faɗi ta baya, awaki da masu yanke hanya suna ratsawa. Ban-ɗaki kuwa, shi ne abin da ba ya fitowa a hoto, kuma shi ke cire mana 'yan mata daga makaranta. Yarinya ta kai aji biyar ko shida, ta fara sanin kanta, ba wurin kewayawa mai ƙofa, ba ruwa. Uwarta ta ce ta zauna gida ta riƙa zuwa Islamiyyar yamma kawai. Ba wanda ya kore ta, amma ta fita. Da za a tambaye mu, da yawa daga cikinmu za mu ce a ajiye fentin a yi mana ban-ɗaki da rijiyar burtsatse tukuna.

Yanzu kasafin kuɗi. Nan ne rahoton ya fi ƙanƙanta, kuma nan ne ya kamata ya fi faɗi.

An ba mu manyan lambobi masu sifili rututu: kaza ga ilimi, kaza ga hanyoyi, kaza ga tsaro. Amma kasafi alkawari ne kawai. Akwai abin da aka rubuta za a kashe, akwai abin da aka saki, akwai abin da aka kashe a zahiri, kuma tsakanin ukun nan akwai tafiya. Rahoton bai ce wanne yake nufi ba. Bai raba kuɗin albashi da alawus da man mota daga kuɗin gini ba. Mutum na iya cewa ya kashe dukiya a ilimi, kuma gaskiya ya faɗa, alhali ko bulo ɗaya ba a ɗora ba, duk albashi ne.

Kuɗin ƙaramar hukuma ta hanya biyu yake shigowa. Ta farko kason tarayya da ake rabawa kowane wata a Abuja, inda ƙananan hukumomi 774 suke da kashi 20.6 cikin ɗari na babban rabon. Wannan ba sirri ba ne, ofishin Akanta Janar na Tarayya yana fitar da abin da aka rubuta wa kowace ƙaramar hukuma, yaranmu masu waya za su iya nemo shi. Shekara da shekaru kuɗin nan ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi yake bi, shi ya sa kowane ciyaman ka tambaya sai ya nuna sama ya ce hannunsa a ɗaure yake. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye. To rahoton da ya fito bayan wannan hukunci, abu na farko da ya kamata ya gaya mana shi ne: nawa aka rubuta mana a Abuja, nawa ya iso hannunmu, ta wace hanya ya iso. In kuɗin yana zuwa cikakke, mu san wanda za mu tambaya. In ba ya zuwa, ciyaman ya faɗa, mu ma mu taya shi kuka. Shirun da aka yi a nan ba ya taimakon kowa sai mai son a ci gaba da nuna sama.

Na san za a ce kaya sun yi tsada, kuma haka ne. Tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, buhun siminti ya haura naira dubu goma a farkon 2024, mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a shekarar 2024. Amma kason wata-wata ma ya ƙaru bayan cire tallafin. A ɗora mana biyun a kan sikeli mu gani mana.

Hanya ta biyu ita ce kuɗin shiga na cikin gida, kuma a nan ne maganar ta zo ƙofar gidanmu. Duba abin da tsarin mulki ya damƙa wa ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, shaguna da kes-kes, lasisin baro da amalanke. Su waye a waɗannan wurare? Mai tumatir da albasa, mai goro, mahauci, mai tsire, mai shayi, ɗan dako, ɗan ga-ruwa, mai tura baro. Kafin azahar wani an yanka masa tikiti biyu ko uku. A rahoton kuwa duk an dunƙule wannan a layi ɗaya. Ba a ce kasuwa kaza ta kawo kaza ba. Da an faɗa, da kowa ya ga abin da ke fita daga wannan ɓangare na gari da abin da ke dawowa cikinsa. Da kuma mun gane ko abin da ake karɓa a hannun ɗan baro yana isa baitulmali, ko a hanya yake narkewa. Wannan ma amfanin hukumar ne kafin namu.

Sai tsaro, inda aka tuna da mu.

Rahoton ya yi maganar rajistar baƙin da ke shigowa, da tantance 'yan acaɓa, da sa ido a kan 'yan gwangwan. Ni ba na adawa da ko ɗaya. Mu ne muka fi kowa asara idan ɓata-gari ya ɓuya a cikinmu, domin in ya yi ɓarna ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi Bahaushe ne. Kuma kada mu yaudari kanmu, ana sace wayoyin lantarki da murafen kwata da ƙarafan gine-gine, kuma akwai mai saye. Duk mai sikelin gwangwan da ba ya rubuta sunan wanda ya kawo masa kaya, yana jawo wa unguwa gaba ɗaya. Rajistar baƙo ma ba sabon abu ba ne a wajenmu. Tun zamanin fataucin goro da shanu, baƙo ba ya sauka sai a hannun maigida, maigidan ne ya san shi, shi ke tsaya masa a gaban Sarki. Sabon Ibadan tun 1916 yake, kuma da irin wannan tsari ya rayu. Abin da ya lalata shi a yau shi ne ɗakin haya da ake zuba samari goma ba wanda ya san garin kowa.

Sharuɗɗana dai su ne: a yi rajistar ta hannun Sarkin Hausawa da masu gidaje, kada ta zama wani sabon tikiti, kuma ta hau kan kowane baƙo ko daga ina ya zo. Sashe na 41 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan Najeriya damar zama a duk inda ya so a ƙasar nan. Yawancin masu karanta wannan mujalla ma a nan aka yanke musu cibiya, wasu har da iyayensu. Rahoton bai bambanta ɗan ci-ranin da ya sauka jiya da dattijon da ya binne kakansa a maƙabartar garin nan ba.

Babban giɓin wannan shafi kuwa shi ne, an rubuta yadda za a tsare gari daga abin da ka iya fitowa daga Sabo, ba a rubuta yadda za a tsare Sabo ba. Mu mun san abin da muke tsoro. Shagamu a 1999, Idi-Araba a 2002, Mile 12 a 2016, Ile-Ife a 2017, Shasha a watan Fabrairun 2021. Na Shasha da cacar baki ya fara tsakanin ɗan dako da wata mata a kasuwa, wani mai gyaran takalmi ya shiga tsakani, aka rasa ransa, kafin a ankara an ƙone shaguna da gidaje, an rasa rayuka daga ɓangarorin biyu, an rufe kasuwa, har gwamnonin Arewa suka taso. Irin wannan wuta a sa'ar farko ake kashe ta, kafin jita-jita ta zaga wayoyi. Wa zai kira wa a wannan sa'a? Sarkinmu yana da lambar Baale da ta shugabar matan kasuwa da ta DPO, kuma za su ɗauka da ƙarfe biyun dare? Akwai zama na wata-wata da ake yi tun ana zaman lafiya, ko sai jini ya zuba za a nemi juna? Wannan ba ya cin ko buhun siminti ɗaya, kuma aikin ƙaramar hukuma ne tsantsa. Ba shi a rahoton.

A kuma sani, ciyaman ba shi da ɗan sanda. Rundunar 'yan sanda ta Tarayya ce. Amotekun, da gwamnonin Kudu maso Yamma suka ƙaddamar a Ibadan a watan Janairun 2020, ta jiha ce. Abin da ƙaramar hukuma ke iya yi da kuɗin tsaro shi ne mota da mai da alawus na 'yan sintiri da fitilu. To a faɗa mana nawa ya tafi ina. 'Yan sintirinmu na Sabo mu ke biyan su, gida-gida, shago-shago, har tocila da usur. Idan ana ba na wasu unguwanni tallafi, namu fa? Idan kuma za a tantance mutanen da ba sa jin Turanci ba sa jin Yarabanci, a sa mai jin Hausa a cikin tawagar. Rabin kamen kan-mai-uwa-da-wabi da ake yi wa samarinmu daga rashin fahimtar amsa yake tasowa. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani. Wannan layin ya cancanci shiga shafin tsaro da kowane harshe.

Gobara ma tsaro ce. Lungunanmu motar kashe gobara ba ta shiga, wayoyin wuta sun yi saƙar gizo-gizo, ana sayar da fetur da gas a jikin ɗakin kwana. Fitilun da aka kafa a bakin titi suka tsaya, cikin unguwa duhu ne. Haka nan lafiyar ginin da yara ke karatu a ciki, kuma a nan da mu masu Islamiyyu nake. Da yawa a benen haya muke tara yara, matakala ɗaya siririya, ginin ya girmi malamin. A watan Maris na 2019 bene ya rufta da 'yan makaranta a Ita-Faji cikin Legas. A watan Yulin 2024 wata makaranta ta rufta a Jos, yara sama da ashirin suka rasu. Allah ya jiƙansu. Ina so injiniyan ƙaramar hukuma ya zo ya duba mana gine-ginen nan ya faɗi gaskiya, tun kafin ya zo da kwado da jan fenti.

To me ya sa aka manta da mu a shafin makaranta? Wani ɓangaren daga tsari ne: yaron da aka haifa a nan, in ya tashi neman takardar asali sai an tura shi garin kakansa da bai taɓa kwana a ciki ba, ga hukuma kuwa wanda ba ta ba takarda ba kamar ba nata ba ne. Amma wani ɓangaren namu ne, 'yan uwa. Idan aka kira taron tsaro, zaure cika yake har waje. Idan hedimasta ya kira taron iyaye, ko aka ce a ba da mutum cikin kwamitin kula da makaranta, sai a rasa mutum biyar. Muna biyan tikiti ba ma neman rasit. Da yawa katin zaɓensu na gida ne, lokacin zaɓe su cika mota su tafi Arewa, alhali hukumar zaɓe ta ba da damar mayar da rajista inda mutum yake zaune. Kansila ƙuri'a yake ƙirgawa, ba yawan masu sallar Juma'a ba. Sannan dokar 2004 ɗin nan da muke kafa hujja da ita a kan gwamnati, ta hau kanmu mu ma: shekara tara na karatu wajibi ne, uban da ya ƙi kai ɗansa akwai gargaɗi, akwai tara, har da ɗauri. Yaron da ke tsare tireda da ƙarfe goman safe, ba ya cikin rajistar kowace makaranta, kuma da rajista ake raba azuzuwa da malamai. Kowane yaro da muka riƙe a shago, mun rage wa makarantarmu hujjar neman aji.

Shawarata ga majalisar Sarki da ƙungiyar matasa ita ce kada a tafi sakateriya da tawaga da jawabin godiya, a sha lemo a ɗauki hoto a dawo. A rubuta wasiƙa, a sa hannu, a kai, a karɓo kwafi mai hatimi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kwana bakwai ta ɗibar wa hukuma ta amsa irin wannan takarda. Muna da lauyoyi da malaman makaranta 'ya'yan Sabo da za su tsara ta cikin yini ɗaya. A nemi jerin ayyukan makarantu mazaɓa-mazaɓa, da sunan wanda ya biya da wanda ya yi. A nemi abin da kasuwarmu da tasharmu suka tara a shekarar da ta wuce. A nemi a saka wakilin Sabo a zaman tsaro na dindindin, kuma rahoto na gaba ya fito da Hausa ko da shafi biyu ne, mu za mu fassara kyauta. A saman wasiƙar kuma a fara da wadda ta fi sauƙin amsawa: sunan makarantar da 'ya'yanmu ke zuwa yana cikin jerin da aka aika wa SUBEB a bana, ko ba ya ciki?